Digiri Kafin Lasisi: Nasiha ga Matashin da Ke Son Tuƙin Jirgin Sama

Ƙa'idojin da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Shikago a 1944, ta shimfiɗa wa ƙasashe game da ba da lasisin tuƙin jirgi ba su sanya digirin jami'a cikin sharuɗɗansu ba. Abin da suke nema shi ne shekaru, da ƙoshin lafiya, da cin jarrabawar ilimin jirgi, da adadin awoyin da mutum ya yi a sama. Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana karɓar ɗalibin tuƙi da sakamakon sakandare, muddin ya ci darussa biyar da suka haɗa da Ingilishi da lissafi da fiziks. Saboda haka matashin da ya ce ba ya bukatar jami'a kafin ya zama matuƙi bai faɗi ƙarya ba, kuma iyayen da ke tilasta masa jami'a da hujjar cewa doka ce sun jingina da abin da babu shi. Hujjar da ta fi ƙarfi tana wani wurin daban, a cikin yanayin sana'ar kanta, domin tuƙin jirgi aiki ne da ya rataya a kan abubuwa uku waɗanda babu ko ɗaya da ke hannun matuƙi ɗungurungum: lafiyar jikinsa, da rayuwar kamfanin da ya ɗauke shi, da darajar kuɗin da ake biyan horo da shi.

Hanyar zama matuƙi hawa-hawa ce. Bayan lasisin ɗalibi, wanda ke ba mai koyo damar tashi shi kaɗai a ƙarƙashin kulawar malaminsa, sai lasisin tuƙi na ƙashin kai, wanda ake samu daga shekara 17 bayan aƙalla awa 40 a sama, kuma mai riƙe da shi ba shi da izinin karɓar kuɗi a kan tuƙin da ya yi. Daga nan sai lasisin tuƙi na kasuwanci, wanda shi ne ke halatta wa mutum ya ci abinci da sana'ar, ana kuma ba da shi daga shekara 18 ga wanda ya cika awa 200, ko 150 idan ya bi tsararren kwas a makarantar da hukuma ta amince da ita. A kan wannan lasisi ake ɗora shaidar iya tuƙi da na'urori, ma'ana sarrafa jirgi cikin gajimare ko ƙurar hunturu inda ido ba ya ganin ƙasa sai dai a dogara da agogunan da ke gaban matuƙi, da kuma shaidar iya tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya. Matakin ƙarshe shi ne lasisin matuƙin jiragen sufuri, wanda sai da shi mutum zai zauna a kujerar kyaftin a babban jirgin fasinja, kuma ba a ba da shi sai ga wanda ya kai shekara 21 ya kuma tara awa 1,500.

Tazarar da ke tsakanin awa 200 da awa 1,500 ita ce kwarin da mafi yawan masu buri ke maƙalewa a cikinsa, kuma ita ce abin da tallan makarantun tuƙi ba su cika ambata ba. Ɗalibin da ya fito daga makaranta da lasisin kasuwanci ya koyi tuƙi ne a ƙananan jirage masu farfela da kujeru biyu ko huɗu, alhali kamfanonin fasinja suna aiki da jirage irin su Boeing 737 da Embraer da Airbus A320, kuma kowane samfuri yana bukatar shaidar ƙwarewa ta daban, wadda ake samu bayan makonni na karatu da horo a cikin na'urar kwaikwayon jirgi. Wannan horo kuɗinsa dubban daloli ne, sau da yawa a wata ƙasa ake yin sa, kuma kamfanin da ke iya samun matuƙin da ya riga ya mallaki shaidar ba ya gaggawar biya wa sabon shiga. Jama'ar Kano sun ga wannan da idonsu: gwamnatin jihar a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi, suka dawo da lasisi, amma da yawansu suka daɗe suna jiran aiki saboda rashin wannan shaida ta samfurin jirgi. Kamfani yana neman mai awoyi, awoyi kuma ba sa taruwa sai a bakin aiki, don haka wanda bai da wata hanyar samun abin sa wa a bakin salati a tsawon wannan jira yakan koma nauyi a kan gidan da ya riga ya sayar da gona ko fili domin karatunsa.

A nan ne bambancin takardun biyu, wato lasisi da digiri, ke bayyana, kuma a kansa ne maganar wadda za a fara gabatarwa ta dogara. Lasisin tuƙi takarda ce mai bukatar ciyarwa kullum. Matuƙin da zai ɗauki fasinja sai ya kasance ya yi tashi da sauka sau uku a cikin kwana 90 da suka gabata, shaidar tuƙi da na'urori ana sabunta ta lokaci-lokaci ta hanyar jarrabawa, matuƙin kamfani kuma ana gwada ƙwarewarsa sau biyu a shekara. Duk wanda ya samu lasisi sannan ya ajiye shi ya tafi jami'a shekara huɗu, zai dawo ya tarar hannunsa ya yi sanyi, shaidunsa sun daina aiki, kuma sai ya sake kashe kuɗi mai yawa kafin ya koma inda ya tsaya. Digiri kuwa ba ya neman sabuntawa. Lasisi tamkar nonon shanu ne da ake sha ranar da aka tatso, digiri kuma tamkar gero a rumbu, ana iya barinsa shekara da shekaru a dawo a same shi. Hankali na nuna cewa abin da ke jure ajiya shi ake fara tanada, abin da ke saurin lalacewa kuma a samo shi daf da lokacin amfani da shi.

Maganar lafiya ta fi kowace nauyi, ko da yake ita ce matashi ɗan shekara 18 ya fi rainawa, domin a wannan shekarun mutum ba ya tsammanin jikinsa zai taɓa saɓa masa. Matuƙin kasuwanci ba ya tashi sai da shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya, wadda likitan da hukumar jiragen sama ta naɗa ne kaɗai ke bayarwa, bayan ya duba zuciya da hawan jini da ido da kunne da jini da fitsari, ya kuma bincika tarihin lafiyar ƙwaƙwalwa. Shaidar tana aiki ne wata 12, sannan ta koma wata 6 ga wanda ya kai shekara 60, da kuma wanda ya kai 40 idan shi kaɗai yake tuƙa jirgin fasinja. Ma'anar wannan ita ce matuƙi yana sake neman izinin ci gaba da sana'arsa a gaban likita kowace shekara har ƙarshen aikinsa. Farfaɗiya, da wasu cututtukan zuciya, da ciwon suga da ya kai ga allurar insulin, da raunin ji, da ciwon damuwa mai tsanani, duk suna iya sa a dakatar da shaidar na ɗan lokaci ko a janye ta gaba ɗaya. Lauya mai hawan jini yana zuwa kotu, malamin jami'a mai ciwon suga yana shiga aji, ɗan kasuwar da jinsa ya ragu yana zaune a shagonsa a Kantin Kwari, amma kyaftin ɗin da likita ya ƙi sa wa hannu a takardarsa ya rasa aikinsa a wannan rana, ko da ya tara awa 10,000. Idan hakan ta same shi yana ɗan shekara 38, da mata da 'ya'ya da iyayen da suka saba da albashinsa, tambayar da duk mai ɗaukar aiki zai fara yi masa ita ce me ya karanta, kuma sakamakon sakandare amsa ce mai rauni a wannan matsayi.

Abu na biyu shi ne gajartar ran kamfanonin jiragen sama, wadda tarihin Najeriya ya cika da misalanta. Nigeria Airways, kamfanin gwamnati wanda ya horar da matuƙa da injiniyoyi masu yawa, ya daina aiki a 2003, kuma tsofaffin ma'aikatansa sun shafe shekaru suna bibiyar haƙƙoƙinsu. Kabo Air na Kano, wanda Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa kuma ya yi suna wajen jigilar alhazai, da Chanchangi na Kaduna, da Okada, da Albarka, da Bellview, da Sosoliso, duk sun yi zamaninsu sun wuce. Air Nigeria ya rufe a 2012, Arik kuma, wanda a wani lokaci shi ne mafi girma a ƙasar, hukumar AMCON mai karɓar basussukan bankuna ta karɓe shi a watan Fabrairun 2017. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, Air Afrique, wanda Nijar da Cadi ke cikin ƙasashen da suka mallake shi, ya durƙushe a 2002. Dalilan a bayyane suke: kamfani yana sayar da tikiti da naira, amma hayar jirgi da kayan gyara da inshora da horon ma'aikata duk da dala ake biya, man jirgi kuma yana bin farashin duniya, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023, ribar da dama siririya ce sai ta ɓace. Annobar korona ta 2020 ta nuna cewa manyan kamfanonin duniya ma ba su tsira ba, domin an ajiye jirage watanni, an sallami dubban matuƙa ko an tura su hutun da babu albashi. Matashin da zai shiga wannan sana'a ya kamata ya ɗauka cewa a cikin shekara 35 ko 40 na aikinsa zai sauya kamfani fiye da sau ɗaya, kuma tsakanin wannan kamfani da wancan akwai watannin zaman gida.

Ba ranar wahala kaɗai digiri ke amfani ba. Jarrabawar ilimin jirgi ta ƙunshi dokokin sararin sama, da ilimin yanayi, da lissafin hanya, da ka'idar yadda fiffike ke ɗaga jirgi, da lissafin nauyi da daidaiton kaya, da aikin injuna da na'urorin lantarki, da sanin iyakar ƙarfin ɗan Adam, wato yadda gajiya da ƙarancin iskar shaƙa da ruɗin ido ke gurɓata hukuncin matuƙi. Wanda ya saba da karatun jami'a, ya san yadda ake narkar da babban littafi cikin makonni, yakan wuce waɗannan darussa ba tare da maimaici ba, kuma a makarantar tuƙi duk darasin sama da aka maimaita kuɗi ne. Haka nan tun 2008 ICAO ta wajabta wa matuƙan da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe su kai mataki na 4 daga cikin matakai 6 na ƙwarewar Ingilishi, kuma abin da ake gwadawa shi ne iya bayyana matsalar da ba a shirya mata ba, cikin gaggawa, ga mai kula da zirga-zirga wanda watakila shi ma Ingilishi ba harshensa ba ne. Ɗalibin da ya fito daga makarantar sakandaren da ba a cika magana da Ingilishi ba yana samun wannan gogewa a shekarun jami'a. Daga baya kuma, idan matuƙi ya so barin kujerar tuƙi ya koma shugabancin sashen horo, ko kula da kiyaye haɗurra, ko aiki a hukumar NCAA mai ba da lasisi, ko NAMA mai kula da sararin samaniya, ko NSIB mai binciken haɗurra, zai tarar cewa tsarin aikin gwamnati yana auna mutum da takardun karatunsa, inda mai digiri ke farawa daga mataki na 08, kuma akwai kujerun da ƙwarewar tuƙi kaɗai ba ta isa ta kai mutum gare su ba.

Masu ganin a fara da tuƙi suna da hujjarsu, kuma ba ta wasa ba ce. A kamfanonin Amurka komai yana bin ranar da aka ɗauki matuƙi aiki: wanda ya riga shiga shi ke riga zama kyaftin, shi ke zaɓar hanya da ranakun hutu, kuma shi ne na ƙarshe da za a sallama idan kasuwa ta lalace. Tunda ƙa'idar duniya ta tsayar da shekara 65 a matsayin iyakar tuƙin jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa, shekara huɗun da aka kashe a jami'a ana cire su ne daga ƙarshen aiki, lokacin da albashi ya fi tsoka. Sa'ad da ƙarancin matuƙa ya tsananta a can, kamfanin Delta ya janye sharaɗin digiri a watan Janairun 2022, ya mai da shi abin so kawai. Sai dai ko a Amurkar doka ta ba karatu daraja: bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da birnin Buffalo a watan Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka rasu, an wajabta wa mataimakin matuƙi ma awa 1,500 daga 2013, amma aka rage wa mai digirin shekara huɗu a fannin jiragen sama daga jami'ar da aka amince da ita zuwa awa 1,000. Abin da ya fi muhimmanci ga matashin Kano ko Katsina ko Maraɗi shi ne wannan hujja ta riga shiga tana da ƙarfi ne inda kamfanoni ke daɗewa kuma suke ɗaukar matuƙa dubbai. Inda kamfani kan mutu kafin matuƙi ya kai tsakiyar aikinsa, matsayin da ya tara a jerin ma'aikata yana mutuwa tare da kamfanin.

Hujja ta biyu ta gida ce, ita ce yajin aikin malaman jami'a. A 2020 ƙungiyar ASUU ta rufe jami'o'in gwamnati kusan wata tara, a 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda haka digirin shekara huɗu kan iya komawa biyar ko shida, ga kuma shekarar hidimar ƙasa a kai. Wannan asara ce ta gaske, amma lissafi yana rage tsoronta. Wanda ya gama sakandare yana ɗan shekara 18, ya gama jami'a yana 23, ya yi hidimar ƙasa, ya shiga makarantar tuƙi yana 24 ya fito yana 26, har yanzu yana da shekara 39 a gabansa kafin iyakar 65. Takwaransa da ya fito da lasisi yana ɗan shekara 20, idan ya yi shekara biyar yana neman kuɗin horon samfuri da kamfanin da zai ɗauke shi, kusan bai riga shi da komai ba, ga shi kuma ba shi da digiri. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa, kuma a wannan sana'a maganar takan tabbata da lissafin kalanda.

Game da fannin da za a karanta, akwai kuskuren da masu sha'awar jirgi kan yi, wato zaɓar digirin da shi ma ya rataya a kan harkar jiragen sama. Idan manufar digiri ita ce ya tsaya da ƙafarsa ranar da jirage suka tsaya, to wanda ya karanta harkokin tafiyar da filin jirgi kaɗai zai ga annoba ko karyewar kamfanoni ta rufe masa ƙofofin biyu a lokaci guda. Injiniyancin inji ko na lantarki, da kimiyyar kwamfuta, da fiziks, da lissafi, da akanta, da tattalin arziki, duk suna da kasuwa a wajen filin jirgi, kuma yawancinsu suna taimakon karatun tuƙi kai tsaye. Wanda zuciyarsa ba za ta iya nisa da jirgi ba yana iya duba injiniyancin jiragen sama a Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna, domin injiniya injiniya ne ko a wace masana'anta. Abin da bai dace ba shi ne shiga fanni mai tsawon shekaru da wahala kamar likitanci ba don sha'awa ba sai don faranta wa iyaye, domin wannan kan cinye shekaru da ƙarfin zuciyar da ake tanadi domin tuƙin.

Shekarun jami'a ba na jira ba ne. Abu na farko, tun kafin a kashe ko sisi a kan burin, shi ne zuwa wurin likitan da hukuma ta amince da shi a yi cikakken gwajin daraja ta ɗaya. Akwai samari da yawa da ke da matsalar bambance ja da kore ba su sani ba, domin ba ta hana su komai a rayuwar yau da kullum, alhali fitilun jirgi da na titin sauka da waɗannan launuka suke magana. Cutar sikila ma, wadda ta yawaita a wannan yanki, tana cikin abubuwan da likitan ke dubawa, saboda ƙarancin iskar shaƙa a sama yana tayar da ita. Sanin wannan a aji ɗaya na jami'a yana ba mutum damar juyawa zuwa aikin kula da zirga-zirgar jirage idan lafiyarsa ta dace da shi, ko tsara tafiyar jirgi daga ƙasa, ko injiniyanci, ko hasashen yanayi. Matasan Nijar suna da makarantar EAMAC a Yamai, mallakar hukumar ASECNA, wadda ke horar da masu kula da zirga-zirga da masana yanayi da masu gyaran na'urorin filin jirgi daga ƙasashen Afirka masu yawa. Wanda gwajin ya wanke shi kuwa, sai ya fara karanta littattafan ilimin jirgi a lokacin hutu, ya kiyaye idonsa da kunnensa da nauyin jikinsa, ya nisanci ƙwayoyi da duk abin da zai ɓata masa suna a wurin hukuma, tunda kamfanoni da ofisoshin biza suna binciken tarihin mai nema. Haka kuma shekarun suna ba iyali damar tara kuɗin horo gaba ɗaya, har da na shaidar samfuri, domin horon da ake yi ana tsayawa saboda kuɗi sun yanke ya fi kowane tsada, kasancewar duk dawowa sai an maimaita abin da hannu ya manta.

Akwai yanayin da wannan nasiha ke sassautawa. Idan kamfanin jirgi mai aiki ya ɗauki nauyin horon matashi da rubutacciyar yarjejeniya wadda ta haɗa da shaidar samfuri da gurbin aiki bayan kammalawa, wannan dama ce da ba ta cika zuwa sau biyu ba, kuma ya dace a karɓe ta, a nemi jami'a ta ɗage gurbin karatu, ko a yi digirin daga baya ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda tsarinta ya dace da mai aikin da ba shi da tsayayyen lokaci. Tallafin da ya tsaya a lasisin kasuwanci kaɗai bai kai wannan matsayi ba, kuma kafin sa hannu ya kamata a tambayi wanda zai biya horon samfuri, da shekarun da za a yi wa kamfanin aiki, da abin da zai faru da bashin idan kamfanin ya rufe ko likita ya janye shaidar lafiya. Hanyar soja kuma ta haɗa takardun biyu, domin Makarantar Horon Hafsoshi ta NDA da ke Kaduna tana ba ɗalibanta digiri, waɗanda aka zaɓa daga cikin na rundunar sama kuma su wuce makarantun tuƙi na rundunar, sai dai wanda ya bi ta nan ya shiga aikin soja ne da dukan abin da ke cikinsa, ba shi kuma da ikon fita lokacin da ya ga dama. Ɗalibin da ya riga ya kai aji uku a jami'a shi ne mafi ƙarancin uzuri a cikinsu duka, domin abin da ya rage masa bai wuce zangon karatu uku ko huɗu ba, makarantun tuƙi na Zariya da na Ilori suna ɗaukar ɗalibai bayan ya gama kamar yadda suke ɗauka yanzu, kuma shekarun da ya riga ya kashe ba su da wata takardar da za ta shaide su idan ya fita kafin jarrabawar ƙarshe.